Abin da Na Rubuta a Kan Mama Rifkatu

Adireshin da na riƙo tun daga Kaduna ya kai ni ƙofar wani shagon wankin kaya a Silver Spring. Na tsaya da akwati biyu, in dubi lambar ginin, in dubi ta takardata, har sau huɗu. Lamba ɗaya ce. Babu bene a sama, babu ɗaki a baya. Na kira mutumin da muka yi wata biyu muna magana ta waya, na ji ta a kashe. Matar da ke ninke tawul a ciki ta leƙo, ta dube ni, ta dubi akwatunan, ta ce ba ni ne na farko da aka turo nan ba. Ta ba ni kujera da ruwa a kofin takarda. Abin da na tura don a riƙe mini ɗaki ya tafi ke nan.

Lambar waya ɗaya ta rage mini, ta wani Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, ɗan jarida a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Wani malamina ne ya rubuta mini ita a bayan ambulan, ya ce ko da za a buƙata. Ban taɓa ganinsa ba, amma kafin la'asar ya iso.

"Kai ne ɗan Kadunan? Zuba kayan da sauri, nan ba a tsayawa, yanzu a manna mini takardar tara." Sai da muka hau titi ya ce, "To, mi ka zo karantawa?"

Na ce finafinan Jamus.

Ya dube ni ya sake duban hanya. "Ka baro Najeriya, ka wuce Jamus ɗin ta sama, ka sauka Amurka don ka kalli fim ɗin Jamus? Ku 'yan lakkwal, masu karatun boko, Allah dai ya shirye ku."

Na yi masa bayani a hankali cewa jami'ar da ta ɗauke ni tana da tarin finafinan da aka yi a Jamus ta Gabas zamanin gurguzu, da waɗanda aka yi bayan an rushe katangar Berlin an haɗe ƙasar. Ya ce ya ji, amma dai bai gane ba. Mako biyu na yi a kan kujerar falonsa. 'Ya'yansa sukan gaishe ni da Hausa, in na tambaye su makaranta su amsa da Turanci.

Shi ya samo mini ɗaki a Germantown. Ya ce, "Nas ce, Mama Rifkatu, ɗiyanta sun girma sun watse, ɗakin ƙasa ya zama kango. 'Yar Kaduna ce kamar kai, amma Kirista ce. In ba ka iyawa, ka hwaɗi tun yanzu."

Wanda bai san Kaduna ba zai ce mene ne a ciki. Kogi ne ya ratsa garin. Bayan rikice-rikicen da aka yi ina ƙarami, Musulmi suka tattaru arewacin kogin, Kirista suka koma kudu. Babu katanga, babu mai tambayar takarda a kan gada, amma kowa ya san inda zai kwana. Har na gama digiri ban taɓa cin abinci a wani gida a ƙetaren gadar ba, kuma a gidanmu ba a ta da maganar.

Mama Rifkatu gajera ce, mai saurin tafiya, da tabarau rataye a wuya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce in tashi, nan ba gida ba ne, gwiwa za ta yi sanyi. Ta tambayi sunana, na ce Nasiru. Ta ce wace unguwa? Na ce Tudun Wada. Ta ɗauki tsumma ta goge teburin da ba shi da datti, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce, "Ba a shan taba a gidana. Tukunyarka daban in kana so. Alƙibla kuma ka nema da wayarka, ni ban san ta ba."

Daga gidanta zuwa makaranta bas ne, sannan jirgin ƙasan da ake kira jan layi tun daga tasharsa ta ƙarshe, sannan tafiyar ƙafa. Abin da ya fi damuna a watannin farko shi ne rashin gaisuwa. Ni da ba mai magana ba ne, ban san ina dogara da gaisuwar mutane ba sai da na rasa ta. Wata rana na ce wa wani dattijo barka da safiya a bas, ya tashi ya sake kujera. Da sanyi ya shigo, ina sa riguna uku a ƙarƙashin suwaita. Mama ta gan ni ina fita haka. Da na dawo na tarar da wata babbar kwat ta ɗanta a kan gadona. Akwai kuma direban bas ɗin safe, wani baƙar fata mai furfura, wanda in ya hango ni ina gudu a madubi yakan yi kamar yana gyara kujerarsa har in iso.

Malamata a makaranta Farfesa Birgit ce, haifaffiyar Jamus ta Gabas. Aikin da ta ba ni, wanda da shi aka ɗauke mini nauyin karatu, shi ne in kalli kowane fim in cike takarda: minti kaza wane ya shigo, ya ce kaza, ga abin da ke rataye a bango, ga tsawon shirun da aka yi. Wasu ɗalibai suna ƙin aikin. Ni kuwa kamar don ni aka yi shi. Ba ya buƙatar in buɗe baki.

Da na tara takardu da yawa sai na fara ganin wani abu. Finafinan da aka yi a Gabas kafin faɗuwar katanga cike suke da masana'anta, da ƙananan gidajen bene, da mutanen da ke faɗin rabin magana su bar mai kallo ya ƙarasa, saboda akwai hukumar da ke tace komai. In sun nuna Yamma, sai fitilu da shaguna da mutane marasa tausayi. Na Yamma in sun nuna Gabas, sai ruwan sama da soja da toka-tokan gini, kamar rana ba ta taɓa fitowa a can ba. Bayan an haɗe, sai finafinan suka rabu gida biyu. Wasu suna yi wa tsohuwar rayuwar dariya, motocinta masu tari da gwangwanayenta. Wasu suna komawa kan 'yan sandan asiri, waɗanda suka sa maƙwabci ya riƙa rubuta rahoto a kan maƙwabcinsa, har aka zo aka buɗe ma'ajiyarsu mutane suka riƙa zuwa karanta fayil ɗinsu. A duka biyun, mutumin Gabas ko abin dariya ne ko abin tausayi. Ba kasafai ake ganinsa yana bikin 'yarsa ko yana gyaran kekensa cikin jin daɗi ba.

Talabijin ɗin falon Mama ya fi kwamfutata girma, don haka ta ce in riƙa kallo a nan ranar Lahadi da rana. In ta dawo daga coci takan zuba mana gwaten acca, ta zauna tana karanta fassarar da ke ƙasan allo, tana yi wa 'yan wasan faɗa.

"Wannan mijin nata munafuki ne, dubi idonsa. Malam Shiru, kai da ka kalla, shi ne mai kai rahoton ko?"

Haka take kirana. In na ce ba zan faɗa ba, ta ce to ta rantse shi ne.

Wata Lahadi muka kalli wani da aka nuna wata tsohuwa tana tsaye a bakin kogi tana hango rufin gidan da aka haife ta a ɗaya gaɓar. Mama ta ajiye cokali. Ta ce, "Mu ma akwai gwaiba a tsakar gidanmu a Tudun Wada." Ba ta ƙara ba. Ni kuma ban tambaya ba. A yadda aka rene ni, yaro ba ya tsare babba da tambaya, balle a kan abin da ya shafi rashi. In babba ya faɗa, ka ji. In ya yi shiru, ka yi shiru.

Amma da na sauka ɗakina sai na buɗe wani sabon littafi na rubuta. Na rubuta kamar yadda nake yi wa fim, don ban iya wani rubutun ba: rana, lokaci, abin da ta ce, tsawon shirun. Lahadi ta gaba ta ambaci layinsu. Wadda ta biyo baya ta ambaci ƙanenta Ishaya, ta tashi ta shiga kicin. Duk na rubuta. Har na saba, na koma rubuta lokacin da ta fita duti da waɗanda ta dawo da su daga coci. A raina ina ganin girmamawa ce, kada maganar babba ta faɗi ƙasa.

A cikin bazara Farfesa ta dawo mini da daftarin takardar da kwamiti zai duba kafin a sabunta mini tallafin shekara ta biyu. Ta ce babu kuskure ko ɗaya a ciki, kuma babu mutum ko ɗaya a ciki. Ta ce, "Me ya kawo ka nan daga Kaduna? Wannan nake son in karanta." Sai na ɗauko littafina. Cikin mako guda na rubuta babi a kan wata mata da na kira R., wadda kogi ya raba da gidanta kamar yadda katanga ta raba mutanen Berlin. Inda maganar Mama ta tsaya, na cike da abin da nake zato. Farfesa ta ce shi ne abu mafi kyau da na taɓa rubutawa.

Wata Asabar na fita da gaggawa na bar littafin a kan teburin kicin. Da na dawo da azahar na same ta zaune da kayan asibiti ba ta cire ba, tabarau a ido, littafin a buɗe gabanta.

"Zauna. Wace ce R.?"

Na zauna.

Ta karanta da ƙarfi, kalma-kalma. "Lahadi, ƙarfe uku da minti arba'in. R. ta dawo daga coci tare da mata biyu, ɗaya sanye da ankon zumuntar matan coci. Ƙarfe huɗu da kwata ta ambaci ƙanenta. Ta yi shiru minti biyu." Ta ɗago. "Har shiruna ka auna, Nasiru? Wa kake kai wa?"

"Ba kowa, Mama. Wallahi karatu ne."

"Shi ma wanda ya rubuta sunayenmu lokacin rikici ɗan makaranta ne. Rubutunsa mai kyau, kamar naka. Shi ke rubuta wa matan layinmu wasiƙa. Yana shigowa gidanmu, yana cin abincinmu. Ranar da aka zo, ba a yi kuskuren ƙofa ko ɗaya ba." Ta rufe littafin ta turo mini. "Ishaya bai fito ba. Je ka rubuta wannan ma, ka sa lokaci. Ƙarshen wata ka nemi wani wuri."

Wata takwas na yi ina kallon mutane a allo suna buɗe fayil ɗinsu suna gane rubutun wanda suka yarda da shi. Na san mintin da kowannensu ya cire tabarau. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa ni ne a ɗaya ɓangaren takardar ba.

Ba ɗakin kawai nake jin rasawa ba, ko da yake ban san inda zan nufa ba. Ita ce mutum ɗaya a ƙasar nan da ke sanin ko na dawo gida ko ban dawo ba.

Na tafi Silver Spring wurin Malam Isuhu, don a gida in ka yi wa babba laifi, babba kake nema ya shige maka gaba. Ya saurare ni har ƙarshe yana zuba shayi.

"Ni shekara da shekaru ina ɗaukar muryar mutane," in ji shi, "ban taɓa kunna rakoda ban ce zan kunna ba. Mi ya hana ka tambaye ta?"

"Kunya, Malam. Babba ce. Ba a tambayar babba mamatansa."

"Kunyar tambaya ta kama ka, ta rubutawa ba ta kama ka ba?" Ya miƙo mini kofi. "Ba ni zuwa. In na tahi, za ta haƙura don ni, kai kuma ka ci gaba da zama kamar kyanwa a gidan. Da bakinka za ka je. Allah ya ba ka shi, ba don shayi kaɗai ba."

Ranar Litinin na shiga ofis ɗin Farfesa na ce ina so in cire babin, domin matar ba ta san na rubuta ba. Ta jingina da kujera. Ta ce ya kamata ita ma ta tambaye ni wannan tun farko, daɗin rubutun ne ya ɗauke mata hankali. Ta gaya mini gaskiya cewa in babu babin takardar ba ta da ƙarfi, kuma ba za ta iya yi mini alkawarin abin da kwamiti zai ce ba. Na ce na sani. Har na miƙe sai ta ce ita ma ta je ta karanta nata fayil ɗin bayan an haɗe ƙasar.

"Ba ƙaryar da ke ciki ce ta hana ni sukuni ba," in ji ta. "Gaskiyar ce. Mai kai rahoton ya rubuta launin rigar da na sa ranar jana'izar mahaifiyata. Ni na manta, shi bai manta ba. Mutum ne mai kula sosai."

Kwamitin dai daga baya ya bar ni na wuce da ƙyar, da sharaɗin in sake rubuta rabin takardar. Amma a wannan makon ba shi ne a gabana ba.

Kwana takwas muka yi ba mu haɗu ba. Ina jin takunta a sama, ina jira ta fita kafin in hau. Ran Lahadi da la'asar, bayan baƙinta sun tafi, na hau da littafin da kuma shafukan babin da na buga. Na durƙusa a bakin kafet. Wannan karon ba ta ce in tashi ba.

"Mama, na yi laifi. Ba littafin kaɗai ba ne. Na mai da shi babi na kai makaranta ban gaya miki ba. Na janye shi. Ga su duka."

Ta dubi takardun ba ta taɓa ba. "Har makaranta ka kai ni?"

"E, Mama."

"To karanta mini. In ji yadda nake a wurin Turawa."

Na karanta da Turanci. Ta bar ni na wuce gwaibar, na wuce gadar. Da na zo inda na rubuta cewa a rana ɗaya dukan layin ya juya mata baya, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ya gaya maka wannan?"

"Babu. Zato na yi."

"Zato. Hajiya Mairo ta gidan da ke kallon namu, ita ta zura mini hijabinta, ta goya 'yata a bayanta kamar tata. Ɗanta ne ya tuƙa mu har gada yana karkarwa. Tana ina a takardarka?"

"Ba ki taɓa ambatonta ba, Mama."

"Ka tambaya ne?" Ta cire tabarau. "Shekara goma sha tara na yi a layin nan. A nan aka kawo ni amarya, a nan na haihu uku. Da Sallah tuwo da nama har ya yi mana yawa, da Kirsimeti yaransu ke fara cika mini tsakar gida saboda cincin. Na yi faɗa da mata a bakin famfo, mun shirya. Kai duk ka zubar, ka ɗauki kwana ɗaya ka ce ni ke nan. Ba abin da kake zagin finafinan nan naka da shi ba ne?"

Shi ne. Ni na faɗa mata da bakina a falon nan, ina jin kaina mai ilimi.

Ta sa na karanta har ƙarshe. Ta tsai da ni sau biyar. Wani wurin ta yi tsaki, wani wurin har ta yi dariya, inda na kira ta mace mai ƙarancin magana. Ta ce abokan aikinta na asibiti za su so su ga wannan matar. Da na gama ta miƙo hannu, na ba ta littafin da shafukan. Ta haɗa su ta sa a ƙarƙashin cinyarta.

"Wannan nawa ne. In na ga dama in ƙona, in na ga dama in ba jikokina."

"Naki ne, Mama."

Muka yi shiru. Ban auna shi ba. Can na ce, "Maganar ƙarshen wata fa?"

"Ka ji na sake ta da ita? Tashi daga ƙasan nan, ka zauna kamar mutum." Na koma kan kujera. Ta ce, "Ga ni zaune, ina da baki. In akwai abin da kake son sani, dube ni ka tambaya."

Ban taɓa kallon babba ido cikin ido ba sai ranar. Na ce, "Mama, Ishaya wane irin mutum ne?"

Ta daɗe tana kallona. Leɓenta ya motsa, ya tsaya.

"Ba yau ba," in ji ta. "Amma ka sake tambayata."